Waiwaye: Yadda binciken jikin mata a Iraƙi ya kai sojoji mata na Amurka bakin daga

Duk mai bin labaran Amurka a 'yan shekarun nan ya san maganar mata sojoji ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ɓangare guda na cewa an sassauta ma'aunin ƙarfi ne don a cusa mata cikin rundunonin da ke gwabzawa gaba da gaba. Ɗaya ɓangaren na cewa matan sun daɗe da biyan kuɗin shiga da jininsu. A 2025 rundunar sojan ƙasa ta fito da sabon gwajin ƙarfin jiki, inda ma'auni ɗaya ne ga mace da namiji muddin aikinsu na faɗa ne. A majalisar dokoki kuma an sha tayar da batun ko 'yan mata ma su riƙa yin rajistar kiran soja na dole kamar samari, a yi ta kai ruwa rana, daga bisani a jingine. Da Denmark ta saka mata cikin aikin soja na dole a Yulin 2025, bayan Norway da Suwidin, sai zancen ya ƙara armashi.

Masu muhawarar sukan soma lissafi daga 2013, shekarar da aka ɗage haramcin tura mata bakin daga, kamar dai wasu ne suka wayi gari a ofis suka ga dama. Alhali kafin a sa wannan hannu, matan sun yi shekara goma suna harbi ana harbinsu, takardunsu kuwa na cewa ba aikinsu ba ne.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kai mata 223 Faransa su riƙa haɗa layukan tarho tsakanin hafsoshi. Sun sa kaki, sun yi aiki kusa da inda igwa ke sauka, amma da suka koma gida aka ce musu farar hula ne, kuma sai a 1977 doka ta amince su ma 'yan mazan jiya ne. A Yaƙin Duniya na Biyu mata wajen 350,000 suka sa kaki, kimanin 150,000 daga ciki a rundunar mata ta sojan ƙasa da aka kafa a 1942. Akwai ma bataliyar baƙaƙen fata 855 ƙarƙashin Manjo Charity Adams, da ta je Birmingham ta Ingila a 1945 ta warware tulin wasiƙun sojoji cikin wata uku, aikin da aka ɗibar wa wata shida. Dokar 1948 ta ba mata gurbi na dindindin, da sharaɗin kada su wuce kashi 2 cikin ɗari, kuma kada su shiga jirgin sama ko na ruwa da ke zuwa faɗa. An cire wannan iyaka ta kashi 2 a 1967. Salon dai ɗaya ne: in yaƙi ya yi zafi a kira su, in ƙura ta lafa a tuna cewa mata ne.

A 1973 aka daina ɗibar samari soja da ƙarfin doka. Tun daga ranar, sai wanda ya kawo kansa. Runduna mai neman dubban kurata duk shekara ba ta da halin kawar da kai daga rabin 'yan ƙasa, musamman da yake 'yan matan da ke zuwa galibi sun gama sakandare. Daga kusan kashi 2 cikin ɗari a lokacin, mata sun kai wajen kashi 17 a yau. Sun cika guraben tuƙi, gyaran mota, sadarwa, sito, jinya da 'yan sandan soja. A yaƙin ƙwato Kuwaiti na 1991 an tura mata sama da 40,000, aka kama biyu fursunan yaƙi.

Sai ƙa'idar 1994, wadda ita ce ƙashin bayan wannan labari. Ta buɗe wa mata ayyuka da yawa, amma ta ce ba za a naɗa mace a wata ƙaramar runduna da ke ƙasa da birged ba in har babban aikin rundunar shi ne faɗa a ƙasa ido da ido. Wannan tsari yana da ma'ana ne a yaƙin da ke da gaba da baya: ga layin daga can, ga masu kawo abinci da mai a nan. Iraƙi ba ta ba da irin wannan yaƙi ba. Kwana uku da fara mamaya, ranar 23 ga Maris 2003, ayarin wata rundunar makanikai ya ɓace hanya ya faɗa cikin birnin Nasiriyya. Aka kashe sojoji goma sha ɗaya, ciki har da Lori Piestewa, aka kama Jessica Lynch da Shoshana Johnson. Johnson mai dafa abinci ce, Lynch kuma ma'aikaciyar sito. Bam ɗin gefen hanya bai taɓa tambayar direba ko aikinsa na faɗa ne ba.

Wannan kowa ya ji shi a lokacin. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru a Ramadi, babban birnin lardin Anbar, daga ƙarshen 2003.

Sojojin da ke can aikinsu ya koma shiga gidaje da dare da tsare shingayen bincike. A fasa ƙofa, a tarar da maza a tsakar gida, mata da yara sun taru a ɗaki guda suna kuka. To, wa zai bincike su? Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mu da muka san “ba shiga” a ƙofar gida, muka kuma saba ganin layin mata daban da mace mai bincikensu a ƙofar filin idi ko tashar jirgi, mun san abin da zai biyo baya in baƙon namiji, sojan mamaya, ya sa hannu a jikin matar wani a gaban mijinta da 'ya'yanta. A Anbar, inda dangi da kabila ke riƙe da mutuncin gida, wannan kaɗai ya isa ya mai da zuriya guda abokan gaba. In kuma an ƙyale matan ba bincike, masu tayar da ƙayar baya sun gane da wuri cewa ƙarƙashin abaya wuri ne na ɓoye kuɗi, waya, takardu da makami, har wani namijin kan shiga cikinta ya wuce.

Kwamandojin da ke wurin suka duba cikin barikinsu. Akwai mata a bataliyar injiniyoyi: wannan makanikiya ce, waccan tana sito, wata tana sadarwa. Aka fara ɗibarsu bibbiyu suna bin maza zuwa samame, aka laƙaba musu suna Lioness, wato Zakanya. Da sun shiga gida sukan cire hular kwano domin matan gidan su ga gashin kai su tabbata mace ce. Nan take kuka kan ragu. Su bincike matan, su zauna da yara, wani lokaci ma su ji maganar da ba za a taɓa faɗa wa namiji ba.

Yaya aka yi da ƙa'idar 1994? An bi ta wata 'yar ƙofa ce a cikin lafazinta. Ƙa'idar ta hana a naɗa mace a rundunar faɗa, amma ba ta hana a ba da aronta ba. Saboda haka a takarda makanikiyar tana nan a garejinta, aro kawai aka yi na dare ɗaya. Gobe a sake aro. Jibi ma haka. Ba na ganin mugunta ce ta kawo wannan dabara, ko wata aƙida ta neman daidaito. Mutum ne ke da aiki a gabansa da doka a bayansa, kuma dokar an rubuta ta ne domin wani yaƙi daban.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Tun da a hukumance ba mayaƙa ba ne, ba su samu horon da sojan ƙafa ke samu ba kafin a turo shi. A Afrilun 2004, watan da Ramadi ta kama da wuta har aka kashe sojojin kundumbala (Marines, rundunar da ta bambanta da sojan ƙasa) goma sha biyu a rana ɗaya, an ba da aron wasu daga cikin waɗannan mata ga rundunar kundumbalar. Suka tsinci kansu cikin musayar wuta a lunguna, tare da mazan da ba su taɓa atisaye da su ba, masu alamomi da salon aiki daban da na sojan ƙasa. Sun yi harbi, sun kashe, sun ga an kashe. Ranar 23 ga Yuni 2005 kuma, a Falluja, ɗan ƙunar baƙin wake ya afka wa motar da ke mayar da mata masu bincike bariki bayan sun wuni a shinge. Mata uku da maza uku suka mutu, mata goma sha ɗaya suka jikkata. Aikin da aka ƙirƙira don kiyaye mutuncin matan Iraƙi shi ne ya ɗora waɗannan a kan hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, safe da yamma.

A shekarar ce Saja Leigh Ann Hester, 'yar sandan soja mai rakiyar ayari, ta shiga ramukan waɗanda suka yi musu kwanton ɓauna kusa da Salman Pak, ta zama mace ta farko da ta samu lambar jarumta ta Tauraron Azurfa tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Labarin mace ta biyu da ta samu lambar ya fi nuna inda gizo ke saƙa. Monica Lin Brown ma'aikaciyar jinya ce mai shekara 18, an ba da aronta ga wata rundunar sintiri a lardin Paktiya na Afganistan saboda babu wani mai jinya a kusa. A Afrilun 2007 bam ya tashi da ɗaya daga motocinsu, ta ruga cikin ruwan harsashi ta kāre waɗanda suka ji rauni da jikinta. Ba da jimawa ba aka janye ta daga rundunar, domin bisa ƙa'ida bai kamata a ce tana wurin ba tun farko. Lambar kuma aka ba ta.

A Afganistan abin ya tashi daga dabarar kwamanda ɗaya ya zama tsari. Daga 2009 aka kafa ƙungiyoyin mata sojoji masu shiga ƙauyukan ƙabilar Fashtun su gana da matan da ke cikin kulle, da yawansu da ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano. Daga baya aka zaɓi wasu suna bin dakaru na musamman samamen dare, aikin da babu wanda ya fi shi haɗari a yaƙin. A cikinsu ne Laftanar Ashley White ta mutu a Kandahar a Oktoban 2011. Har a lokacin, aro ne sunan abin.

Illar kalmar ta bi su har gida. A soja, ƙarin girma zuwa manyan muƙamai ya fi bin waɗanda takardunsu suka nuna sun riƙe rundunar faɗa. Haka kuma tsohon sojan da ya dawo da firgicin yaƙi, ba ya barci, ƙarar ƙofa na razana shi, sai ya kawo shaidar abin da ya same shi kafin a biya shi diyya. Wadda fayil ɗinta ke cewa makanikiya, da me za ta nuna ta kwana a lungunan Ramadi? An sassauta sharaɗin kawo shaidar a 2010, amma kafin nan wasu sun sha zarya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zuwa farkon 2013 mata sama da 280,000 sun yi aiki a yaƙoƙin biyu, sama da 150 sun mutu. A Nuwamban 2012 mata huɗu suka shigar da ƙara suna ƙalubalantar ƙa'idar, ciki har da matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu da aka harbo a Afganistan. A Janairun 2013 aka soke ƙa'idar. A Agustan 2015 Kristen Griest da Shaye Haver suka gama makarantar Ranger mai tsananin horon yaƙi, a Disamba kuma aka buɗe dukkan guraben da suka rage, wajen 220,000.

Masu adawa ba su rasa hujja ba, kuma rashin adalci ne a ce sun rasa. Gwajin da rundunar kundumbala ta yi a 2015 ya nuna ƙungiyoyin maza zalla sun fi na gauraye a kashi 69 cikin ɗari na ayyukan da aka auna, kuma mata sun fi samun rauni wajen ɗaukar kaya masu nauyi. Jakar sojan ƙafa ba ta rage nauyi don mai ɗaukarta mace ce. Amma gwajin yana amsa tambayar wa ya fi saurin hawa tudu da kaya ne. Bai taɓo tambayar da ta tsayar da kwamandan Ramadi a ƙofar ɗakin mata ba, kuma ita ce ta fitar da makanikai daga gareji.

Saura batun rajista. A 1981 Kotun Ƙoli ta yanke cewa babu laifi a tilasta wa maza kaɗai yin rajista, hujjarta kuwa ita ce ana kiran dole ne don a samu mayaƙa, mata kuma doka ta hana su faɗa. Wannan hujja ta rushe a 2015. Wani kwamiti da majalisa ta kafa ya ba da shawara a Maris 2020 cewa a haɗa da mata. Aka sake kai maganar gaban kotun, a Yunin 2021 ta ƙi saurare, wasu daga alƙalanta suka ce a bar wa majalisa tun da tana kan nazari. Har yanzu maza masu shekara 18 zuwa 25 kaɗai dokar ta ambata.