Waiwaye: yadda mutum-mutumin yumɓu ya shiga labarin ma'aikatan New York

A tatsuniyoyin Yahudawan Turai akwai wata halitta mai suna golem, mutum-mutumin yumɓu da malami ke motsawa da wata laya da yake sa masa a baki. Wanda ya fi suna shi ne na birnin Prague, da ake jingina wa malamin Yahudawa Judah Loew, wanda ya rasu a 1609, ko da yake labarin bai bazu ba sai a ƙarni na 19. Golem ba ya ci, ba ya gajiya, ba ya musu. Sharaɗinsa ɗaya ne: a zare layar kowace yammacin Juma'a domin ya huta ranar Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa. Ran da malam ya manta, sai ya tayar da bori ya shiga ɓarna.

Marubutan da ke gwama tarihi da almara ba da ka suka kai shi New York ba. Bayan kisan sarkin Rasha Alexander II a 1881, hare-hare da talauci sun sa Yahudawa sama da miliyan biyu ƙaura daga gabashin Turai zuwa Amurka, kafin dokar shige da fice ta 1924 ta tsuke ƙofa. Da dama sun cunkushe a unguwar Lower East Side suna ɗinkin tufafi. Wasu masu kamfanonin ɗinki har kuɗin allura da zare suke yanka daga ladan ma'aikaci. Hutun Asabar da golem ya samu, su bai kai gare su ba.

A Nuwamban 1909 wata matashiya, Clara Lemlich, ta miƙe a zauren Cooper Union ta yi kira da harshen Yiddish na Yahudawan gabashin Turai a tafi yajin aiki, kimanin mutum 20,000 suka ajiye keken ɗinki. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a kamfanin riguna na Triangle, ƙofofi a kulle, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata Yahudawa da Italiyawa.

A ganina, marubutan sun lura cewa golem shi ne ma'aikacin da masu kamfani ke mafarkin samu. A littafin almara na marubuciya Helene Wecker na 2013, golem ɗin mace ce da ta sauka a New York a 1899. Ta samu aiki a gidan burodi, inda dole ta riƙa rage sauri da gangan don kada abokan aikinta su gano ba mutum ba ce.