Shahon Amur, Tsuntsun da Ke Keta Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin tsuntsu ne shahon Amur?

Ƙaramin shaho ne wanda nauyinsa ke kusan giram 150, wato ko tantabara ta fi shi nauyi. Namijin ruwan toka ne mai duhu da jajayen ƙafafu, macen kuwa ƙirjinta fari ne mai ɗigon baƙi. Yana hayayyafa a gabashin Saberiya da Mongoliya da arewacin Sin, kuma ba ya wahalar da kansa da gina sheƙa, tsohuwar sheƙar hankaka da ire-irensa yake samu ya saka ƙwai a ciki.

Ina yake nufa idan sanyi ya gabato?

Kudancin Afirka yake nufa, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 22,000 zuwa da dawowa. Mafi hatsarinta shi ne ƙetare Tekun Larabawa daga Indiya zuwa gabashin Afirka, kusan kilomita 3,000 babu reshen da zai sauka ya huta. Shi ya sa yake yada zango a jihar Nagaland ta arewa maso gabashin Indiya a watannin Oktoba da Nuwamba, lokacin da shinge ke fitowa, ya yi ta cafke su a sama har ya tara kitsen da zai zame masa guzuri.

Tunda yana da yawa a duniya, me ya sa aka damu da shi?

Taruwarsa wuri guda ita ce rauninsa. A 2012 aka gano cewa mafarauta a kewayen madatsar ruwan Doyang da ke Nagaland suna ɗaura ragar kamun kifi a kan bishiyoyin da tsuntsayen ke kwana, ana tsince su da safe, a sayar da wasu da rai, wasu a kyafe. An ƙiyasta cewa fiye da 120,000 ake kashewa duk shekara a wancan lokacin, alhali dokar kare namun daji ta Indiya ta 1972 ta haramta hakan.

Yaya aka shawo kan lamarin?

A ganina, dokar ba ta yi tasiri ba sai da mutanen gari suka karɓi maganar. A 2013 majalisar ƙauyen Pangti da ke kusa da madatsar, da maƙwabtansa, suka hana farautar tare da sanya tara, tsofaffin mafarauta suka koma masu gadi da jagorantar baƙi 'yan kallon tsuntsaye. A shekarar ce aka maƙala wa tsuntsaye uku, da aka raɗa wa sunayen Naga da Wokha da Pangti, na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, mutanen ƙauyen suka riƙa samun labarin inda tsuntsayensu suka kai a hanyar Afirka.