Waiwaye: Babur ɗin ƙanƙara da gonakin manoman Kebek

Mutuwar yaro ɗan shekara biyu ce mafarin wannan labari. A hunturun 1934, a ƙauyen Valcourt da ke lardin Kebek na ƙasar Kanada, ciwon ciki ya kama ɗan wani makanike mai suna Joseph-Armand Bombardier. Dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ba halin kai shi asibiti, yaron ya rasu. Uban ya daɗe yana gwajin motar da za ta bi kan ƙanƙara, to daga nan ya duƙufa. A 1937 ya fito da motar ƙanƙara B7 mai ɗaukar mutum bakwai, likitoci da limaman coci na karkara suka yi ta saye.

Da gwamnatin lardin ta fara share hanyoyin karkara a ƙarshen shekarun 1940, kasuwar manyan motocin ta faɗi. Abin da ya ɗaga kamfanin Bombardier sama shi ne ƙaramin babur mai sarƙar roba a baya da sandunan zamiya biyu a gaba, Ski-Doo, wanda ya fito a 1959. Mafarauta da masu aiki a daji aka yi wa shi, amma masu neman nishaɗi suka karɓe. Zuwa 1971 ana sayar da irin waɗannan babura na kamfanoni daban-daban kusan rabin miliyan a shekara a Arewacin Amurka.

Nan rigima ta kunno kai. Mahaya na ratsa gonaki yadda suka ga dama, suna karya shinge, wasu na nutsewa a tafkunan da ƙanƙararsu ba ta yi kauri ba. Wannan ya sa ƙungiyoyin mahaya suka haɗe a 1974, suka shiga shata hanyoyi na musamman. Yau tsawonsu ya kai kilomita 33,000, kuma 'yan sa-kai ne ke gyara su da kuɗin takardar izinin da mahayi ke yanka.

Sai dai babban kaso na hanyoyin nan a gonakin mutane suke, bisa yardar mai gona kawai. A ganina nan ne ƙashin bayan harkar, nan ne kuma rauninta. A 2010 manoma sun hana bi ta filayensu don matsa wa gwamnati lamba kan tallafin noma, masu otal da gidajen abinci suka shiga fargaba. Mazauna bakin hanya ma sun koka da ƙara da hayaƙi, har a 2004 kotu ta rufe kilomita 38 na hanyar Petit Train du Nord, ta ce a biya su diyya. Gwamnati ta yi maza ta kafa dokar hana shigar da irin wannan ƙara a kotu, matakin da nake ganin bai yi wa mazauna adalci ba.

Yanzu kuma ƙanƙarar ce ke ja da baya. A hunturun 2023 zuwa 2024 sanyi bai yi ƙarfi ba, hanyoyi da dama suka makara wajen buɗewa, suka kuma rufe da wuri.