Lambar firam mafi girma da aka sani

Lambar firam ita ce lambar da ta wuce 1 wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 31. Buhu 31 na gero a babbar kasuwar Maradi ba ya rabuwa daidai tsakanin ƴan kasuwa, sai dai mutum guda ya kwashe, ko mutum 31 kowa ya ɗau ɗaya. Tun zamanin Girkawa Yuklid ya tabbatar da cewa waɗannan lambobi ba su da ƙarshe.

A watan Oktoban 2024 Luke Durant, ɗan Amurka mai aikin sa kai a shirin GIMPS, wanda ke neman manyan lambobin firam da kwamfutoci ta intanet, ya gano wadda ta fi duk na baya girma: a jera 2 sau 136,279,841, a ninka su, a cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne, na ƙarshe kuwa 1. Mai karanta alƙalami guda kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai shafe kusan kwana 475.

Irin wannan lamba ana kiran ta lambar Mersenne, da sunan wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Wajibi ne yawan ninkin, wato p, ya zama firam, amma hakan kaɗai bai wadatar ba, kuma nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Idan p ya zama 11, ana samun 2047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Duk firam ɗin da zai raba irin wannan lamba, in an cire masa 1, yana rabuwa da ninki biyu na p: ga 22 da 88. Wannan ƙa'ida na rage aikin bincike ƙwarai.

Abin da ya sa dangin Mersenne suka mamaye sahun gaba shi ne gwajin Lucas-Lehmer. Ana farawa da 4. A ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar kawai. A maimaita sau p − 2, wato p in an cire masa biyu. In an ƙare da sifili, firam ce. Ga 31, inda p yake 5: daga 4 a sami 14, sai 194 mai ragowar 8, sai 62 mai ragowar sifili. Ita kuwa 2047 tana ƙarewa da 1736, ta faɗi ke nan. Kyan gwajin shi ne ba ya buƙatar a san abin da ke raba lambar.

Matsalar tana ga na'ura. Kuskure guda a ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda zafi ko tangarɗar lantarki, yana gurɓata duk matakan da suka biyo baya, shi ya sa ba a amincewa da sakamako sai an sake gwajin a wasu na'urori da wata manhaja daban.

Kowace firam ta Mersenne tana haifar da cikakkiyar lamba, wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, take daidai da ita: 3 ta ba da 6, 7 ta ba da 28, 31 ta ba da 496. Firam ta shekarar 2024 ita ce ta 52 da aka gano a dangin.