Inshorar lafiyar ɗalibai: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk Satumba sai ɗalibai sun cika min waya da tambayoyin nan. Ga amsa, kowa ya karanta da kansa.

Mene ne IHS ɗin da aka caje ni wajen neman bizar Birtaniya?
Kuɗin lafiya ne da ke ba ka damar amfani da NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin Birtaniya. Fam 776 a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, kuma na duk tsawon bizar ake biya lokaci ɗaya.

Tunda na biya, shi ke nan?
Ina! Ka yi rajista da likitan unguwa da suke kira GP a makon da ka sauka. Na ga yarinya mai sikila da sanyin Disamba ya tayar wa ciwo, hannunta na karkarwa tana cike fom ɗin rajista a waya. Wata uku tana garin. Don Allah kada ku yi wa kanku haka.

Magani kyauta ne?
A Ingila fam 9.90 ne kowane magani da likita ya rubuta. A Sikotland da Wales ba a biya. Haƙori da tabarau, yawanci daga aljihunka.

Sai na ƙara da inshorar kamfani?
To, wannan ya danganta. Mai ƙoshin lafiya da zai zauna wuri ɗaya, NHS ta ishe shi, ya kwantar da hankalinsa. Sai dai layin ganin ƙwararren likita kan ɗauki watanni, kuma idan ka zo gida hutu ba ta biyo ka ba. Sannan akwai abin da ba ma son ambata: idan ta Allah ta kasance, NHS ba ta ɗaukar nauyin kawo gawa gida. Amma kada ka yi gaggawar saye, domin kamfanoni da yawa ba sa biyan ciwon da kake da shi tun kafin rajista, irin su asma ko sikila. Ka fara karanta shafin abin da suka cire. In ciwonka na cikin abin da suka cire, ina ganin asarar kuɗi ce, sai dai in don tafiye-tafiye kake so.

Ni a Najeriya nake karatu, ya shafe ni?
Sosai. Akwai tsarin TISHIP na ɗaliban manyan makarantu ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA. Duba rasit ɗin rajistarka, wataƙila ka biya ba ka sani ba, kana ta sayen maganin zazzaɓi a kemis. Je asibitin makaranta ka buɗe kati, daga can ake tura mutum babban asibiti.