Yanayin Sassan Duniya Masu Matsakaicin Zafi da Sanyi

Sassa masu matsakaicin yanayi su ne waɗanda ke tsakanin yankin zafi na tsakiyar duniya da yankunan ƙanƙara na ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, wato daga kusan digiri 23.5 zuwa digiri 66.5 na nisa daga ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, ta kowane ɓangare. Mafi yawan Turai da Amurka, kudancin Kanada, Japan, Koriya da babban ɓangaren Sin duk a nan suke. Ta kudu kuwa akwai Nuzilan, kudancin Ostareliya, da yawancin Ajantina da Chile. Shekara a waɗannan wurare kashi huɗu ce: hunturu, lokacin toho, bazara da kaka.

Musabbabin haka shi ne duniya a karkace take da kusan digiri 23.4 yayin da take kewaya rana. Ɓangaren da ya karkata wajen rana shi ke samun dogon yini da zafi. A Landan yini yakan wuce awa 16 wajen 21 ga Yuni, amma a ƙarshen Disamba ko awa 8 ba ya cikawa. Ƙarfe huɗu na yamma an riga an kunna fitilu. A kudancin duniya akasin haka ne, Disamba ce tsakiyar bazara. Masu zaton kusantar rana ce ke kawo zafi sun yi kuskure, domin a farkon Janairu duniya ta fi kusa da ita, kimanin kilomita miliyan 147, alhali a lokacin Turai na rawar ɗari.

Sai dai kalmar matsakaici tana ɓoye bambanci mai yawa, kuma teku ce ke yanke hukunci. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. Iskar da ta fi kaɗawa a nan daga yamma take tasowa, don haka yammacin Turai na shan iskar da ta ratso Atlantika, inda igiyar ruwan ɗumi ke gangarowa daga wajen Tekun Meksiko. Landan da Winnipeg ta Kanada kusan nisansu ɗaya daga ikweta, amma matsakaicin Janairu a Landan kusan digiri 5 ne a ma'aunin Selshiyas, a Winnipeg kuwa ya kai wajen digiri 16 ƙasa da sifili. Can cikin nahiya koguna kan daskare, dusar ƙanƙara ta kwanta wata da watanni. A bakin teku abin da aka fi fama da shi shi ne yayyafi da hadari mara yankewa, yau rana gobe ruwa, saboda karon da iska mai sanyi daga arewa ke yi da mai ɗumi daga kudu.

Yankin Bahar Rum daban yake: bazara a bushe, ruwa sai da hunturu. Haka abin yake a Kaliforniya, tsakiyar Chile da kewayen birnin Cape Town na Afirka ta Kudu.

Da kaka, yini na gajarta, ganyen yawancin itatuwa ya koma rawaya ko ja kafin ya zube. Da toho kuma su sake fitar da sabo. Ɗumamar yanayi na sauya wannan tsari, toho na zuwa da wuri a wurare da dama, bazara na ƙara tsanani. A ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya haura digiri 40 a Birtaniya, karo na farko tun da aka fara aunawa.