Shimfiɗar Dutse a Gaɓar Rafi da Gefen Titi

Shimfiɗar dutse, wadda injiniyoyi ke kira riprap, hanya ce ta rufe gaɓar rafi, gindin gada ko bakin kwalbati da fasassun duwatsu ba tare da siminti ba, don kada ruwa ya cinye ƙasar wurin. Nauyin duwatsun da yadda suke cije juna ne ke riƙe su. Ta bambanta da ginin dutse da siminti da aka saba gani a gefen tituna. Shi wannan, da ƙasa ta zame a bayansa sai ya tsage ya rufta, ita kuwa shimfiɗa takan ɗan nutse ta bi ƙasar, a ƙara mata dutse ta ci gaba da aiki.

A ƙasar Zazzau buƙatarta a fili take. Ruwan shekara a Zariya yakan kai kimanin milimita 1,000, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a Agusta. Rafin Kubanni, wanda ya bi ta Samaru ya gangara ya zube cikin kogin Galma, yakan janye ƙwarai da rani, amma da damina sai ya cika ya batse cikin sa'o'i kaɗan. Irin wannan ruwa na farat ɗaya shi ya fi cin gaɓa, musamman ta bayan kwana, inda igiyar ruwa ke dukan bango. Abin sauƙi shi ne dutse ba ya wuya a yankin, domin garin yana zaune ne a kan dutse mai tauri irin na Kufena, wanda ya ninka ruwa nauyi kusan sau 2.65.

Girman dutsen ya dogara ne da gudun ruwa. Injiniyan Rasha Isbash ya nuna a 1936 cewa idan gudun ruwa ya ninka sau 2, faɗin dutsen da zai iya tsayawa sai ya ninka sau 4, nauyinsa kuwa sau 64. Dunƙulen dutse mai faɗin santimita 30 bai wuce kilo 40 ba, amma mai santimita 60 ya kusa kilo 300. Shi ya sa ba a awon dutse da ido. Ana son mai kusurwa, wanda aka faso, domin mulmulallen dutsen rafi mirginawa yake yi. Marmara ba ta dace ba, tana rugurgujewa. Kuma ana cakuɗa manya da ƙanana, ƙananan su toshe kafofin da ke tsakanin manyan.

Jagorar da hukumar manyan titunan Amurka ta fitar a 1989, mai suna HEC-11, ta ce kada kaurin shimfiɗa ya gaza ninki ɗaya da rabi na faɗin matsakaicin dutse, kuma kada ya gaza faɗin dutse mafi girma da ke cikinta. Gangaren ma ana kwantar da shi: ga kowace mita 1 ta tsayi, a ba da aƙalla mita 1.5 a kwance, mita 2 ta fi.

Sai dai aikin da ke sa shimfiɗa ta daɗe, ido ba ya ganinsa. Na farko shi ne matacin da ake sawa tsakanin ƙasa da dutse, ko dai tsakuwa ko wani yadi mai tsauri da ruwa ke ratsawa amma ƙasa ba ta bi. In babu shi, ruwan da ya jiƙa gaɓa yakan tsiyayo ta tsakanin duwatsun yana jan ƙasa, a hankali ciki ya zama kogo alhali fuska na nan ƙalau. Na biyu shi ne gindi. Dole a haƙa rami a ƙasan gaɓa har ya zarce zurfin da ruwa zai iya kwarzanewa, a cika shi da manyan duwatsu, domin daga nan ruftawa ta fi farawa. Haka bakin shimfiɗar na farko da na ƙarshe, sai an cusa su cikin gaɓa, kada ruwa ya zagaya ta baya. Waɗannan wurare ne mai son rage kuɗi ke tsallakewa, ya sa tifa ta juye dutse daga sama, kuma abin takaici ne, don mai gona ko mai gida a bakin rafin shi ke kwana a ciki.

Inda manyan duwatsu suka yi tsada, akan zuba ƙanana cikin ragar waya a jera su kamar akwatuna. A saman gaɓa kuma akan dasa jema, saiwarta na riƙe ƙasa sosai.

Ɗiban yashi kusa da shimfiɗa yana zurfafa rafi, ya bar gindinta a rataye. Saboda haka ake duba ta bayan kowace damina, a cike inda dutse ya gusa kafin ruwan baɗi.